Dokina ya kasa taka ƙafafun gaba, wai suga ne ya jawo?

Mai_Akawal:

Assalamu alaikum. Jama'a ina neman shawara, kwana biyar ke nan abin nan ya hana ni barci.

Ina da doki akawal, shekararsa 11. Gadonsa na yi wajen mahaifina, Allah ya jiƙansa, shi ya saye shi tun yana dukushi. A Zariya muke. Ba ya wani aiki sai hawan Sallah, ƙarama da babba, sai kuma in an yi aure a dangi a ɗaura masa sirdi a zaga gari. Sauran shekara yana turke a bayan gida, ƙarƙashin darbejiya.

Abinci kam, ba yabon kai ba, bai taɓa rasawa ba. Tiya guda ta jiƙaƙƙen gero da safe, wata da yamma, ga dusa, ga harawar wake, ga kanwa a ruwa. Sai kuma abin da yanzu ake cewa shi ne laifina, wato mazarƙwaila. Surukina manomin rake ne a wajen Maƙarfi, duk shekara yana aiko mana da ita kwali-kwali. Baba ne ya saba masa, ni kuma na ɗora. In na dawo daga kasuwa, da ya ji ƙarar mashin ɗina sai ya hau haniniya yana tona ƙasa, ba zai yi shiru ba sai na ɓantaro masa ya lashe a tafin hannuna. Da guntu ne, yanzu gaskiya curi guda yake cinyewa a rana. Lokacin rake kuma a sara masa, da azumi yara su yi ta tura masa dabino.

Ya yi ƙiba mai ban sha'awa. Wuyansa ya cika har geza ta kwanta gefe, in ka danna sai ka ji tauri kamar matashin fata. Gindin wutsiya ya yi tudu. A hawan Bariki na bana har tsayar da ni ake yi ana tambaya me nake ba shi.

Ranar Talata da asuba na fito na tarar ya miƙe ƙafafun gaba can gaba, ya tattara nauyinsa baya kamar mai shirin zama. Na ja shi ya ƙi motsi. Da ƙyar ya taka, kamar mai tafiya kan garwashi, juyawa kuwa sai ka tausaya masa. Na dafa kofatan na ji zafi rau. Yaron da ke kula da shi ya ce baki ne, mutane sun yi masa yawa ran hawa. Wani mai sayar da maganin dabbobi ya zo ya yi masa allurar deksa, wadda ake yi don kumburi, kwana biyu a jere, sai abin ya ƙaru, yanzu kwanciya ya fi yi. Ɗan yayata da ke karatu a jami'a shi ne ya ce zaƙin da nake ba shi ne.

Shin dabba ma tana yin ciwon suga? In ma tana yi, me ya haɗa suga da kofato?

Likitan_Bisashe:

Wa alaikumus salam. Malam, sannu, Allah ya ba shi lafiya. Zan fara da abin da ba ya jira, bayani ya biyo baya.

Kada a sake yi masa deksa. Irin wannan allurar tana ƙara dagula yadda jiki ke sarrafa suga, kuma an san tana iya tsananta wannan ciwon a dokin da ya riga ya yi ƙiba. A ɗauke gero, dusa, rake, dabino da mazarƙwaila yau ɗin nan. A zuba masa yashi mai laushi, mai kauri, inda yake tsayawa. Kada a ja shi yawo wai don jini ya gudana, kada a tashe shi in ya kwanta. In kana samun ƙanƙara, a tsoma ƙafafun cikin ruwan ƙanƙara. Sannan ka nemo likita ya zo har gida, tunda kana Zariya asibitin koyarwa na dabbobi na Jami'ar Ahmadu Bello yana kusa da kai. Shi zai ba shi maganin zafi daidai nauyinsa, ya kuma duba ko za a ɗauki hoton ƙafar.

Ban ga dokin ba, amma tsayuwar da ka kwatanta kusan ba ta da na biyu. Ƙashin ƙarshe na ƙafar doki a rataye yake cikin kofato. Abin da ke riƙe shi wasu siraran ganyayyaki ne na nama, ɗaruruwa, da suka sarƙe da bangon kofaton kamar ka haɗa yatsun hannayenka biyu. Duk nauyin dokin a kansu yake. In suka yi rauni suka fara sakin juna, sai ƙashin ya karkata, bakinsa ya nufi ƙasa, a mummunan hali har ya huda tafin kofaton. Ƙafafun gaba su ke ɗaukar kusan kashi 60 cikin 100 na nauyin doki, shi ya sa su ke fara nunawa, shi kuma yake jingina baya don ya sauƙaƙa musu.

Ciwon suga irin na mutum, wanda suga ke taruwa a jini har ya fita a fitsari, ba kasafai doki ke yinsa ba. Nasa salon daban ne. Duk lokacin da ya ci zaƙi ko hatsi, suga na shiga jini, jiki ya saki wani sinadari mai suna insulin don ya tura sugan cikin tsoka. Dokin da ke cin haka safe da yamma, shekara da shekaru, ba ya motsi, sai kitse ya taru, tsoka ta daina jin maganar insulin. Jiki kuma sai ya ƙara sakin insulin ɗin, ya yi ta ƙarawa. Ka auna sugansa ka ga kusan daidai, amma insulin ya yi sama ƙwarai. To shi wannan insulin mai yawa shi ke lalata abin da ke riƙe kofato. Ba zato ba ne. A 2007 masu bincike a Jami'ar Kwinsland ta Ostareliya sun ɗauki ƙananan dawakai lafiyayyu, suka riƙa ɗura musu insulin ta jijiya suna riƙe sugan jininsu daidai, cikin kwana uku duk suka kamu da ciwon kofaton nan. A 2010 aka maimaita da manyan dawakai, ya fito cikin kwana biyu.

Wannan wuyan da ake tsayar da kai ana yabawa, mu in mun gan shi gabanmu faɗuwa yake yi. Kitse mai tauri a ƙarƙashin geza, da tudu a gindin wutsiya, da kumburi a ramin da ke saman ido, su ne alamomin da muke dubawa tun kafin a ɗebi jini.

Kuma kada ka ɗora wa mazarƙwaila laifin duka. Tiya biyu ta gero a rana ta fi curi guda na mazarƙwaila yawan suga nesa ba kusa ba, don sitacin da ke cikin hatsi suga yake komawa a hanji. Tumbin doki ƙarami ne, an halicce shi ne ya yini yana tsintar ciyawa kaɗan-kaɗan, awa 16 ko kusa da haka. In aka jibga masa hatsi lokaci guda, wanda bai narke ba ya wuce babban hanji ya yi tsami, wannan ma wata hanya ce ta zuwa ciwon kofato.

Gargaɗi ɗaya: kada ka ce za ka hana shi abinci don ya rame da sauri. Dabba mai ƙiba in aka yanke mata ci kwatsam, kitse na kwararowa cikin jini ya toshe hanta, jakuna da ƙuru sun fi kowa faɗawa wannan. A ba shi busasshiyar ciyawa, kimanin kashi 1.5 cikin 100 na nauyinsa a rana. Dokin kilo 350 wajen kilo 5 ke nan, a raba sau huɗu ko biyar. In an jiƙa ciyawar kamar awa guda aka zubar da ruwan, wani ɓangare na zaƙinta na fita.

Tsohon_Barga:

Ɗana ne ke rubuta mini, ni ban iya latsa waya ba. Likita, Allah ya ƙara sani, amma ina da ja a wuri ɗaya.

Na yi shekara fiye da 40 a barga. Gero muka tashi muka ga ana ba doki, da kanwa, da harawa, kuma ba mu ga wannan ciwo ya yi yawa ba sai a ƴan shekarun nan. Dawakan da ke juya injin matse rake a ƙauyukan Maƙarfi, ai cikin zaƙi suke kwana suke tashi. Su tauna rake, su lashi kumfar da aka kwashe daga tukunya. Ka taɓa ganin mai wuya irin na dokin yaron nan a cikinsu? Haƙarƙarinsu ma kana iya ƙirgawa.

A zamaninmu ba a kwana biyu ba a fita kilisa ba. Da yamma a bi bayan ganuwa, a sa shi ya yi gumi, a dawo a wanke shi. Gero kuma gwargwadon aiki ne: in hawa ya matso a ƙara, in an sauka a rage. Yanzu kowa ya sayi mashin da mota, doki ya zama kayan ado, ana ɗaure da shi wata shida ana ɗura masa kamar ragon Layya. Ni a ganina ba gero ya kama shi ba, turke ne.

Kai kuma ɗana Mai Akawal, ba faɗa nake maka ba. Na san son da ake yi wa dokin gado. Amma batun baki ka ajiye shi gefe, ka yi addu'a ka kuma kira likita.

Likitan_Bisashe:

Baba, Allah ya ƙara girma, ai ba mu saɓa ba. Tsokar da ke aiki tana jan suga daga jini ko da insulin kaɗan ne, kuma dokin da ke gumi kullum jikinsa ya fi jin insulin. Dokin injin rake yana ƙone abin da ya ci kafin rana ta faɗi. Abin da kawai zan ƙara, kilisa maganin gobe ce, ba ta yau ba. Wannan dokin in aka fita da shi yanzu, abin da ya rage yana riƙe ƙashin ne zai ƙarasa yagewa. Sai ya daina jin zafi ba tare da magani ba, likita ya ba da izini, sannan a fara da jan sa a hannu.

Maman_Biyu:

Sannu Malam, Allah ya tashi kafaɗunsa. Likita don Allah ni ma a ba ni aron kunne, tawa ta tumaki ce. Ina kiwon ragunan Layya a cikin gida a Kano, uku zuwa huɗu duk shekara. Bara saura mako uku Sallah, babban balamina ya tsinke igiya da dare ya samu bokitin gasarar da na tace, ga ragowar burodin yara a gefe, ya share. Da safe na gan shi tsaye shiru, ciki ya kumbura ta hagu, yana niƙa haƙora. Kafin la'asar gudawa mai warin tsami, yana tangaɗi kamar ya sha wani abu. Washegari sai yanka shi aka yi. Har yau in na tuna kuɗin da na zuba sai raina ya ɓaci.

Bana an kawo mini molas a jarka, irin baƙin ruwan da ke ragewa in an yi suga, an ce yana sa su ci su yi nama. Yanzu da na karanta wannan sai tsoro ya kama ni. In zubar?

Likitan_Bisashe:

Hajiya kada ki zubar, amma ki san hannun da za ki riƙa zubawa. Molas kusan rabinsa suga ne. Ɗan kaɗan a tsarma da ruwa a yayyafa kan ƙaiƙayi ko kowar wake don su ci da marmari, wannan ba laifi. A zuba musu a kwano su sha, shi ne haɗari. A Kuba, inda aka yi ta ƙosar da shanu da molas tun wajen shekarun 1960, sun ga wata cuta da ke taɓa ƙwaƙwalwa, sa ya makance ya riƙa zagaye, musamman in ciyawa ta yi ƙaranci a abincinsa.

Rago ba kamar doki ba ne. Abin da ya ci ba shi ke fara cinsa ba, ƙananan halittun da ke cikin tumbinsa ne. Sun saba da ciyawa, suna narka ta a hankali. In gasara ko gari ko burodi ya faɗo musu da yawa lokaci guda, masu son zaƙi a cikinsu sai su hayayyafa cikin awoyi, su cika tumbin da tsami. A ma'aunin tsami, tumbi mai lafiya yana tsakanin 6 da 7. In ya sauko ƙasa da 5, masu narka ciyawa sun mutu, tumbi ya tsaya, yana jan ruwa daga jini, tsamin kuma ya shiga jiki. Abin da ya kashe balaminki ke nan. Shi ragon Layya bai cika daɗewa har ya yi ciwon shekaru irin na dokin Malam ba, nasa na dare ɗaya ne. Duk sabon abinci ki shigo da shi a hankali cikin mako biyu zuwa uku, kuma harawa ta riga hatsi shiga ciki. Ki kula da dusa ma, in ta yi yawa tana sa wa raguna tsakuwa a mafitsara, ki ga yana yunƙurin fitsari ba ya fita.

Mai_Ɓeraye:

Ni ɗalibi ne, aikin digirina na biyu a kan ɓerayen gwaji nake yi, don haka kullum hannuna warinsu yake. Bari in ɗan taɓa tambayar farko, ko dabba na yin ciwon suga.

Tana yi, kuma ta kan dabba ma aka gano tushen ciwon. A 1889 a Sitarasbog, Minkowski da von Mering suka cire wa kare ƴar tsokar nan da ke bayan tumbi, fankiriyas, sai ya kamu da ciwon suga. A 1921 a Toronto, da karnuka Banting da Best suka yi aikin da ya kai ga samun insulin.

Amma zancen a ce "ka ba dabba suga ta yi ciwon suga" bai miƙe haka ba. Mu a ɗakin gwaji in muna son ɓera ya yi cikakken ciwon, allurar aloksan muke masa ta kashe ƙwayoyin da ke yin insulin, don in ka tsaya jiran suga kaɗai sai lokacin karatunka ya ƙare. Abin da zaƙi ke yi wa ɓera cikin makonni shi ne share fage: kitse a hanta, maiƙo a jini, hawan jini, jiki ya daina jin insulin. Sugan da muke sha rabi gulukos ne rabi furuktos, shi furuktos ɗin hanta ce ke ɗaukar mafi yawan aikinsa, in ya yi mata yawa ta mayar da shi kitse. Sai dai a faɗi gaskiya, a irin waɗannan gwaje-gwajen akan sa furuktos ya kai kashi 60 cikin 100 na abincin ɓeran. Ba mai cin haka, ko yaron da ya fi kowa son alewa.

Gwajin da ya fi kama da mu shi ne na birai. A Jami'ar Kalifoniya da ke Debis an riƙa ba manyan birai abin sha mai furuktos kullum har shekara guda, aka fitar da sakamakon a 2011. Sun ƙara kitse, jikinsu ya rage jin insulin, wasu ƙalilan suka kamu da ciwon suga sosai.

Wanda ya fi burge ni kuwa wani ɓeran hamada ne na Arewacin Afirka da Gabas ta Tsakiya, mai rayuwa kan ganyen wata ciyawa mai gishiri. A daji lafiyarsa lau. A shekarun 1960 aka kwaso su daga Masar aka kai Amurka, aka ba su abincin ɓerayen gwaji na yau da kullum, ba ma wani zaƙi aka ƙara ba, sai ga ƙiba, ga ciwon suga, ga yanar ido. Jikin da aka gina don ƙarancin abinci ne ya faɗa cikin yalwa. Da na karanta maganar Baba ta turke, shi na tuna.

Gidajen namun daji ma sun farga. A 2014 gidan zu na Paignton a Ingila ya daina ba birai ayaba, suka ce wadda ake nomawa don mutane ta fi ƴaƴan itacen daji zaƙi da ƙarancin ɓawo da zare, tana ɓata musu haƙora da ciki. Na Melbon a Ostareliya ya rage ba dabbobinsa ƴaƴan itace a 2018 kan irin wannan dalili. Ka ji fa, biri da ayaba.

Kyanwa kuma ko ɗanɗanon zaƙi ba ta ji, an tabbatar da haka a 2005, amma in ta yi ƙiba a ɗaki tana yin ciwon suga mai kama da na manyan mutane. Kaza sugan jininta ya ninka na mutum, tana ta kiwonta ba abin da ya dame ta. Kowace dabba da nata ma'aunin.

Mai_Akawal:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka wa kowa da alheri. Baba na ji, kuma na karɓa, rabon da a fita da shi kilisa tun bayan Babbar Sallah.

Likita ya zo ranar Asabar. Ya sa yatsa a bayan ƙafar, saman kofato, ya kama hannuna ya ɗora a wurin, na ji jijiya na bugawa kamar ganga. Ya nuna mini wasu zobba a jikin kofaton da suka fi faɗi ta wajen dunduniya, ya ce wannan ba yau ya fara ba, ya daɗe yana yi a ɓoye. Sai na tuna bara ya ɗan yi ɗingishi na kwana uku muka ce tsakuwa ya taka. An ɗauki hoto, ƙashin ƙafar hagu ya ɗan karkata, na dama da sauƙi. Ya ce hawan Ƙaramar Sallah in cire rai, na Babba sai abin da hali ya yi.

Na sa an kawo yashi kura biyu. Jiya ya tashi da kansa ya taka har wajen ruwa. Mazarƙwailar da ta rage na aika makarantar allon unguwarmu, ban dai san yadda zan gaya wa surukina ya daina aikowa ba.

Abin da ya fi mini wuya shi ne dawowa daga kasuwa. Har yanzu da ya ji mashin sai ya ɗaga kai ya yi haniniya, in na zo ya tura hanci cikin aljihun rigata. Shekaranjiya na miƙa masa ciyawa a tafin hannu, ya shinshina ya kau da kai. Yanzu tun daga bakin layi nake kashe mashin ɗin in turo shi.

Likita, wanda ya zo ya ce sai an riƙa gyara kofaton duk bayan mako huɗu zuwa shida, a rage tsinin gaba. Mai yanke mana kofato tsoho ne, da wuƙa da ido yake aiki. In nuna masa hoton ya bi, ko lallai sai likitan na tsaye a wurin?